Darussan da na koya daga jan layin kwamfuta a aikin tace ƙagaggun labarai

Idan aka buɗe labarin Hausa mai shafi ɗari biyu a Microsoft Word ɗin da aka saita da Ingilishi, abin da ido ke fara cin karo da shi ja ne. Kusan kowace kalma da jan layi a ƙarƙashinta, tun daga sadaukarwa har shafin ƙarshe. Can kuma sai wani ɗan akwati ya faɗo yana cewa kurakuran sun yi yawa, ba zai iya ci gaba da nuna su ba, sai jan ya ɗauke gaba ɗaya. A ganina wannan saƙon shi ne magana mafi gaskiya da manhajar ta taɓa faɗa game da rubutun Hausa: ta gaji, ta sallama. Fitinar tana farawa ne ranar da wani mai iko a maɗaba'a ya ɗauki jan nan a matsayin hukunci, ɗaukewarsa kuma a matsayin shaidar an gama gyara.

Ma'aikata biyu ne a cikin manhajar, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Mai jan layi ya shigo tun Word 95. Jerin kalmomi ne kawai a hannunsa, kamar mai gadin da aka ba takardar sunaye: wanda sunansa ke ciki ya wuce ko da ɓarawo ne, wanda babu sunansa ya tsaya ko da shi ya gina gidan. Mai duba nahawu ya biyo baya da koren layi a Word 97, yanzu kuma shuɗi ne. Shi yana ƙoƙarin gane ina aikau yake, ina aikatau, ko sun dace da juna, bisa ƙa'idar harshen da aka gaya masa ana rubutawa. Babu ɗaya daga cikinsu da ya san wa ke magana a labarin, ko 'yar shekara nawa ce, ko daga wane gari ta fito.

Shi ya sa abin dariya na farko ba kalmomin da aka ja wa layi ba ne, waɗanda aka ƙyale ne. Rubuta "Mace ta sake dafa wake da dare", za ka ga mace, sake, wake da dare sun wuce fes, domin dukkansu suna cikin ƙamus ɗin Ingilishi da wata ma'ana dabam. Haka sun, can, take, bare, same. Sauran kuma sai ya kawo musu 'yan'uwa na kusa, domin hanyarsa ta ba da shawara ita ce neman kalmar da ta bambanta da taka da harafi ɗaya ko biyu. Harafi ɗaya ne tsakanin yau da you, tsakanin shi da she, kuma da puma, tuwo da two. Wanda ya rubuta kudi ba ƙugiya, harafi ɗaya ne tsakaninsa da Audi. A waya, inda gyaran ke aukuwa da kansa da zarar an danna tazara, nan ne talakan labarinka zai wayi gari yana kukan ba shi da Audi. Turawa ma sun sha wannan a harshensu. Tsofaffin manhajoji ba su san cooperation ba sai da karan ɗori a tsakiya, sai su ba da shawarar Cupertino, garin da hedikwatar Apple take a Kalifoniya, har sunan garin ya riƙa ɓullowa a takardun manyan hukumomin duniya a gurbin haɗin kai.

Duk wannan da sauƙi, ana dariya a wuce. Abin da ba a dariya a kansa shi ne oga.

Duk wanda ya yi aikin tace rubutu ya san irinsa. Bai karanta littafin ba, ba zai karanta ba, amma zai buɗe fayil ya gangara da linzami, ya ɗago ya ce, "Malam, ai har yanzu ja ne ko'ina, me ka gyara?" Ka yi masa bayani cewa kwamfutar Ingilishi take dubawa, ya ce to ka sa ta daina. Ka kashe jan, ya ce yanzu ka yi aiki. Gobe wani ya nuna masa wata sabuwar manhaja a waya, sai ya dawo da sabon ra'ayi: tunda kwamfuta ce ke gyara, me ya sa ake biyan mai tacewa kuɗin shafi-shafi? A rage. Mafi muni shi ne wanda zai karɓi fayil ɗin da ka gama tacewa, ya zauna da daddare ya "ƙara dubawa" da kansa, ya yi ta danna Change All har jan ya ƙare, ya tura wa mai tsara shafi ba tare da ya gaya wa kowa ba. Littafi ya fito, marubuciya ta kira tana kuka, kuma sunan da ke shafi na biyu a ƙarƙashin "Tacewa" ba nasa ba ne. Ba a taɓa jin ogan da ya ce shi ya danna ba. Abin da ake ji shi ne, "Ai mun ba wa ƙwararre."

Daga nan darasi mafi girma ya fito, kuma ba na nahawu ba ne: duk maɓallin da sunansa ya ƙare da All, a ɗauke shi abokin gaba. Change All, Replace All, Accept All. Ga yadda ɓarnar ke faruwa. Marubuci ya gama littafi, sai ya ga sunan tauraronsa, Sani, ya yi daidai da na wani ɗan'uwansa, ya ce a mayar da shi Garba. Aka danna Ctrl da H, aka rubuta Sani a sama, Garba a ƙasa, aka danna Replace All. Word ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami sai an umarce shi, kuma yana shiga cikin kalma. Sai ga tauraruwa tana share hawaye tana cewa, "Wallahi ban Garba ba." Rashin sani ya koma rashin Garba, masani ya koma maGarba, sanin ya kamata ya koma Garban ya kamata. Idan Isa ne aka mayar Musa, nisa ya zama nMusa, bisa ya zama bMusa, kisa ya zama kMusa. Ali ya fi su ɓarna, domin yana ɓoye a cikin hankali, dalili, misali, iyali, asali, har da Halima.

Wannan ba ciwon Hausa kaɗai ba ne. A 2012 masu karatu suka gano cewa a wani bugun War and Peace na Tolstoy da aka sayar don na'urar karatu ta Nook, an bi duk inda sunan Kindle, abokiyar gasarta, ya fito an maye shi da Nook. Kalmar Ingilishi ta kunna wuta, kindled, ta shiga cikin rikicin, ta koma Nookd a tsakiyar labari.

Maganin ba shi da wuya, gajiya ce kawai. A akwatin sauyi a danna More, a sa alama a Match case da Find whole words only. Ko da hakan, ba a danna Replace All, domin "Sani" na iya zuwa a farkon jimla da ma'anar ilimi. Find Next ake dannawa, a karanta jimlar, sannan a danna Replace, ɗaya bayan ɗaya. Bayan an gama sai a sake zagaye na biyu don siffofin da zaɓin cikakkiyar kalma ya tsallake: Sanin, Saninta, Saninmu. Sannan zagaye na uku da ido, saboda laƙabi. Idan mahaifiyarsa na kiransa da wani suna da aka ciro daga na farkon, ko akwai wurin da aka yi wasa da ma'anar sunan, babu manhajar da za ta gano. Sunan da ya fito sau ɗari huɗu zai ci kusan awa ɗaya. Ogan zai ce ɓata lokaci ne. A ƙyale shi ya faɗa.

Sai maimaita kalma, wanda shi ne inda Word ke nuna rashin sanin Hausa ƙarara. Yana da doka cewa kalma ɗaya ba ta zuwa sau biyu a jere, kuma idan ta zo sai ya ba da shawarar a goge ta biyun. A Ingilishi wannan yakan kama kuskuren yatsa. A Hausa kuwa ninki nahawu ne. "Alhaji ya raba musu naira hamsin hamsin" na nufin kowa ya samu hamsin. Goge ɗaya, Alhaji ya zama marowaci, yara goma sun raba hamsin. Sannu sannu ba sannu ba ce, kaɗan kaɗan ba kaɗan ba ce, iri iri ba iri ba ne. A nan dai akwai ɗan laifin masu taifin, domin ƙa'idar rubutu ta ce a sa karan ɗori: hamsin-hamsin, maza-maza, sannu-sannu. Idan aka sa, Word ya yi shiru. Amma akwai inda karan ɗori ba shi da hurumi, kalmomi biyu ne mabambanta da suka yi kama. "Maganar ta ta da hankalinsa." "Ba ba ni ya yi ba, aro ne." Cire ta ɗaya ko ba ɗaya, jimla ta mutu. Gara a je File, Options, Proofing, a cire alamar da ke kan Flag repeated words tun kafin a fara.

A wannan shafin na Proofing akwai maɓallin AutoCorrect Options, kuma nan ne gidan ƙananan aljanu. Akwai dokar da ke mayar da i tilo zuwa babban baƙi, don haka duk inda wani ya amsa da "i, na ji" a tsakiyar jimla sai ta miƙe tsaye. A nemo ta a jerin a goge. Akwai Automatically use suggestions from the spelling checker, wanda ke sauya kalma ba tare da ya tambaye ka ba, a kashe shi. Akwai mai sa babban baƙi a farkon jimla, wanda a manhajoji da yawa ba ya gane cewa alamar tambaya a cikin zance ba ƙarshen jimla ba ce, sai a samu: "Ina za ki?" Ya tambaye ta. Wannan ya ɗin ƙarami ne, kuma a littafi mai yawan hira irinsa kan kai ɗaruruwa.

Alhamzar farkon kalma ita ma tana da nata. Word na lanƙwasa alamomin zance da kansa, kuma dokarsa ita ce duk alamar da ta zo bayan tazara ta buɗe zance ce. Don haka a 'ya'ya, 'yar, 'yan, 'yanci, ta farkon takan juya baya, ta zama ta buɗewa, ta tsakiyar kuma ta fito daidai. A allo ba a cika lura ba, a takarda kuwa tana tsone ido. Hanya mafi sauƙi ita ce a buga alamar sau biyu a goge ta farko, ko a riƙe Ctrl a danna ta, a saki a sake dannawa. 'Yan'uwanmu na Nijar sun huta da wannan tunda ƴ suke rubutawa, amma su ma Word ɗin Faransanci bai bar su ba: yana cusa tazara kafin alamar tambaya da ta motsin rai da ruwa biyu, yana mayar da alamar zance « », idan kuma aka fara layin hira da ɗan karan layi sai ya ɗauka jeri ake yi, ya mayar da hirar masoya jerin kayan cefane. Wannan na ƙarshen ana kashe shi a AutoFormat As You Type, wajen Automatic bulleted lists.

Yanzu ga inda aikin gaske yake, inda jan layi ba ya ko leƙawa: baƙaƙe masu ƙugiya da rabon kalma. Tun shekarun 1930 ɓ da ɗ da ƙ suka shiga rubutun boko, amma har yau yawancin labaran da ke yawo a WhatsApp da Wattpad babu su, kuma daga can ake kwaso su a kawo maɗaba'a. Ko da a ce an samu cikakken ƙamus ɗin Hausa an ɗora wa kwamfuta, ba zai taimaka a nan ba, domin kalmomin biyu duk halattattu ne. "Amarya tana daka" da "amarya tana ɗaka": ɗaya tana gaban turmi, ɗaya tana kan gado an lulluɓe ta. "Bayan kura ta lafa." "Labarin ya kare." "Sarki ya shiga faɗa" alhali fada ya shiga. "Ta yi baki" alhali baƙi ta yi daga ƙauye. Sarkinsu duka shi ne "ya bata kuɗi". Ya ba ta ne, ko ya ɓata? A labarin da ake shari'ar gado, wannan tazarar guda ɗaya ita ce bambancin mai kyauta da almubazzari. Haka ta fi da tafi, na ƙi da naki, ma sa da masa, a kan da akan.

Abin da ke aiki shi ne mai tacewa ya riƙe nasa jerin tagwayen kalmomi, ya bi su da Find ɗaya-ɗaya bayan ya gama karatun farko: bata, kasa, fada, baki, kura, daka, kafa, karya, kara, kare, kaya, saka, sako, koko, bari, dauri, dan. Kowace ya tsaya ya karanta jimlarta. Jerin yana tsawo da shekaru, kuma shi ne jarin mai wannan sana'a, ba wata manhaja ba. Waɗanda rubutu bai bambanta su ko da ƙugiya ba, irin su gari, wuya, fari, ciki, tunda ba ma nuna karin sauti da tsawon wasali, sai dai a duba ko jimlar ta ishi mai karatu ya gane, in ba ta isa ba a mayar wa marubuci ya ƙara kalma.

Game da buga ƙugiyar kanta, a Word ana rubuta lambar baƙin a danna Alt da X: 0253 ta ba da ɓ, 0257 ta ba da ɗ, 0199 ta ba da ƙ, 01B4 ta ba da ƴ. Manyansu 0181, 018A, 0198 da 01B3. Akwai tarko: idan harafin da ya zo kafin lambar yana tsakanin a da f, Word zai haɗa shi da lambar ya karanta su tare, ya fito da wata alama dabam ko ya ƙi motsi. Ga mai rubuta baƙi ko faɗa, wannan kullum ne. A sa U+ kafin lambar, ko mafi kyau a shiga Insert, Symbol, More Symbols, a zaɓi baƙin a ba shi Shortcut Key sau ɗaya a huta. A waya, manhajar taifi ta Gboard na da allon Hausa, kuma sa shi kaɗai yana rage rabin shisshigin Ingilishi.

Tsofaffin fayiloli kuma nasu ciwon dabam. Kafin Unicode, tsarin da ya ba kowane baƙi lambarsa, ya wadata, fon ɗin Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a shekarun 1990, su suka ceci ɗab'in Hausa, kuma sun yi aiki ne ta hanyar ɗora ƙugiyoyin a kan maɓallan baka. A idon mutum ƙasa ce, a idon kwamfuta }asa ce. Mai jan layi yana ganin "asa", mai nema ba ya samun ƙasa, kuma ranar da fayil ya je kwamfutar da babu fon ɗin sai a ga ]aki da ~arawo. A nan kaɗai nake yarda da Replace All, sau shida: } zuwa ƙ, ] zuwa ɗ, ~ zuwa ɓ, { zuwa Ƙ, [ zuwa Ɗ, | zuwa Ɓ. Sharaɗi biyu: a tabbata babu alama a Use wildcards, domin a can wasu daga cikin waɗannan alamomin umarni ne, kuma a fara dubawa ko marubucin ya yi amfani da baka mai kusurwa ta gaskiya a wani wuri. Bayan nan a sa fon mai ɗauke da ƙugiyoyin, irin su Charis SIL ko Gentium ko Noto Serif. In ba haka ba Word zai aro baƙin daga wani fon, ya fito ya fi maƙwabtansa ƙiba ko tsawo.

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, ogan ya samu sabon abin dogaro, kuma wannan ya fi jan layi haɗari, domin yana jin Hausa daidai gwargwado kuma ba ya jan layi, sake rubutawa yake yi. Ka ce masa ya gyara kurakurai, zai ja komai zuwa ga Hausar da ya fi gani, wato ta labaran rediyo da jarida. Ɗauki tsohuwa Basakkwata da jikanta ya kai wa ziyara:

"Mi kaka nema nan, ɗan nan? Tun jiya anka ce maka ba shi nan."

Abin da gyara zai mayar da ita shi ne, "Me kake nema a nan, yaron nan? Tun jiya aka ce maka ba ya nan." Babu kuskure ko ɗaya a jimla ta biyu, kuma babu tsohuwar a cikinta. Marubuciyar ta wahala ta sa anka da munka da sunka a bakin mutum ɗaya tak a littafin, don mai karatu ya gane ta ko ba a ambaci sunanta ba. Haka ɗan kasuwar da ya koyi Hausa da girmansa, mai cewa "Hajiya ya zo, ya ce kuɗin ya yi yawa." Rikita jinsin da gangan ne. Haka yaro ɗan shekara uku, haka mai in'ina, haka 'yar jami'ar da ke surka Ingilishi don a san ta waye. Daidaitacciyar Hausa ta mai ba da labari ce, taurari kuwa kowa da bakinsa. Dokar da na ɗauka ita ce duk abin da ke tsakanin alamar buɗe zance da ta rufewa, ba a taɓa shi sai da izinin marubuci, in ban da ƙugiya da rabon kalma.

Amsa-kama ma ba ta tsira ba. Tsit, sharkaf, tim, ƙirin, wur, fil: ga manhaja waɗannan ko dai kuskure ne ko ƙari marar amfani. "Ta jiƙe sharkaf" ya koma "ta jiƙe sosai". "Wayyooo" ya koma "wayyo", an rage wa mai naƙuda ciwo. Karin magana kuwa, wadda sau da yawa ke ɗauke da tsohuwar kalma ko ginin jimlar da ba a yi yanzu, sai a miƙe ta ta zama bayani. In dole sai an yi amfani da irin wannan manhaja, a ba ta shafi biyu ko uku a lokaci guda, a ce ta lissafo wuraren da take zargi kawai, kada ta sake rubuta komai. In an riga an bar ta ta rubuta, a ɗauki tsohon fayil da sabon a haɗa su a Review, Compare, a ga duk abin da ta taɓa. Yawanci ya fi abin da ta ce ta taɓa.

Marubutanmu masu rubutu da Ingilishi su ma suna shan nasu, sai dai nasu ya fi ban dariya da ban haushi. Grammarly, wanda aka kafa a 2009, da Hemingway Editor da ire-irensu na manhajojin gyaran rubutu, an gina su ne don wasiƙar ofis da rahoto, inda ake son gajeriyar jimla, a faɗi wanda ya yi abu, a yi ladabi. Hemingway na shafa wa doguwar jimla rawaya, wadda ta fi tsawo ja, jimlar da aka ɓoye mai aikatawa kuma ita ma da nata launin. To a labarin kisan kai, "an buɗe ƙofar da tsakar dare" ita ce gaba ɗaya dabarar. Manhaja na neman a faɗi wanda ya buɗe, a shafi na tara, alhali an tanadi sunansa sai babin ƙarshe. Hirar mutum biyu masu fushi, kalma ɗaya-ɗaya, duk za a ce jimlolin ba su cika ba. Pidgin ɗin ɗan acaɓa za a mayar da shi Ingilishin sarauniya. Word na da wani sashe mai lura da kalaman da ka iya ɓata wa wani rai, wanda idan aka kunna shi zai yi ta roƙon mugun labarin ya tausasa harshe. Mugu kuwa an ɗauke shi aiki ne don ya ɓata rai.

Ba cewa nake a jefar da su ba. A rubutun Ingilishi suna kama harafin da ya faɗi da kalmar da aka tsallake, a kowane harshe kuma Find na kama tazara biyu a jere da alamar zancen da aka buɗe ba a rufe ba, in an san yadda ake nema. Ga fayil ɗin Hausa dai matakin farko kullum ɗaya ne: Ctrl da A, sannan Review, Language, Set Proofing Language, a sa alama a Do not check spelling or grammar, a cire ta Detect language automatically. Ja ya tafi ba tare da an taɓa kalma ko ɗaya ba, oga ya samu farin shafinsa.

Sauran darussan gajeru ne. Kada a danna Add to Dictionary da gaggawa, domin kuskuren da ya shiga ƙamus ya zama halal har abada a wannan kwamfutar. Sunayen taurari da garuruwa a rubuta su a takarda ɗaya tun babi na farko, don kada Zulaihat ta koma Zulaiha a babi na goma. Karatun ƙarshe a takarda ake yinsa, da biro, kuma hira da babbar murya. Track Changes, mai nuna duk sauyin da aka yi, a kunne, Ctrl da Shift da E, tun daga kalmar farko. Fayil ɗin da aka miƙa a sa masa kwanan wata a sunansa, a fitar da PDF ɗinsa, a tura wa marubuci da oga a saƙo ɗaya, a ajiye kwafi a wurin da ba na ofis ba. Kuma kafin a yarda a sa sunan mutum a shafi na biyu, ya nemi ganin shafukan da mai tsarawa ya fitar, waɗanda za a kai inji, ba waɗanda shi ya miƙa ba. In an ce babu lokaci, ya ce a cire sunan.